Rabin sakan a sama: inda tunani yake aiki a koyon firistayil

Idan ka ɗaga ƙwallo da ƙafa ta tashi santimita 30 daga inda ka taɓa ta, rabin sakan take yi ta dawo. Ka kai ta santimita 50, ka samu abin da bai kai kashi biyu cikin uku na sakan ba. Ko mita guda ta tashi, ba ta cika sakan ɗaya a sama. Lissafin faɗuwar abu ne, kuma babu gwanin da ya fi ƙarfinsa: in kana son lokacin ya ninka biyu, sai tsayin ya ninka huɗu. Shi kuwa ɗan'adam, kafin ido ya ga abu, ƙwaƙwalwa ta ba da umarni, ƙafa ta motsa, an ci kimanin rubu'in sakan. Saboda haka duk wanda ya ce zai gyara ƙafarsa alhali ƙwallo tana sama, kansa yake yaudara.

Yaron da za ka gani da la'asar sakaliya yana fama da ƙwallo shi kaɗai a Katsina, a wajen filin wasa na Karkanda, ko a wani daɓen siminti a Ƙofar Marusa, sau da yawa ba ƙarfin ƙafa ya rasa ba. Tunaninsa ne yake sakawa inda ba shi da amfani. Yana tunani a cikin rabin sakan ɗin nan da babu abin da tunani zai iya yi, sannan in ƙwallo ta faɗi, lokacin da ya kamata ya tsaya ya yi nazari, sai ya ɗauke ta da sauri ya sake bugawa. Gwaji ɗari biyu, kuskure ɗaya.

Ga wanda bai saba ba, firistayil shi ne sarrafa ƙwallo da sassan jiki don nuna gwaninta, babu raga babu gola. Masu yin sa sun kasa shi gida-gida: akwai na tsaye, wanda ƙafa ke zagaya ƙwallo tana sama, akwai na kai da goshi da kafaɗa da ƙeya, akwai na zaune, akwai kuma na murza ƙwallo a ƙasa da tafin ƙafa. Mutane da yawa sun ɗauko sha'awarsa daga bidiyon Maradona yana ɗumama jiki a Munich a 1989 kafin Napoli ta kara da Bayern, mu kuma a nan muna da Okocha. Amma ya zama gasa ta kanta: a 2008 aka yi wasan ƙarshe na duniya na Red Bull Street Style karo na farko a Sao Paulo ta Barazil, Séan Garnier ɗan Faransa ya lashe.

Tushen na tsaye shi ne zagayen duniya, wanda 'yan wasan ke taƙaita sunansa da ATW: ka taɓa ƙwallo, ƙafar da ta taɓa ta zagaya ta sau ɗaya, ta sake tarbe ta. In dama ta taɓa, hagu ta yi zagayen kana ɗan tsalle, dama ta sake tarba, shi ne HTW. Kurosoba kuwa, ƙafa ɗaya ta haura ta saman ƙwallo tana saukowa, ɗayar ta tashi ta ɗago ta daga ƙasa. Idan aka haɗa zagayen duniya da kurosoba ba tare da taɓawa a tsakani ba, an sami TATW, mai ɗauke da sunan Soufiane Touzani, ɗan asalin Maroko da ya tashi a Holan. Zagaye biyu a tashi ɗaya shi ne LATW, uku kuma PATW, daga sunan Palle ɗan Suwidin. Ka tuna lissafin farko, sannan ka ƙiyasta zagaye uku a cikin abin da bai cika sakan ɗaya ba. Wannan ba aikin shawara ba ne. Motsi ne da jiki ya haddace, yake sako shi gaba ɗaya kamar yadda mahaddaci ke jan aya ba ya tsayawa duba harafi.

To ina tunanin zai zauna? Wuri biyu: kafin ka taɓa, da bayan ta faɗi.

Kafin ka taɓa, abu ɗaya tak za ka riƙe a kai. Ba biyu ba. Wanda ya shiga gwaji yana cewa "in miƙe yatsu, in ɗaga gwiwa, in daidaita baya, kada in kalli gefe" ya riga ya zubar. Zaɓi kalma ɗaya gajera, ka faɗe ta a zuci, ka saki ƙafa. Kuma ya fi kyau kalmar ta shafi ƙwallon, ba gaɓar jikinka ba. Wata masaniyar koyon motsin jiki, Gabriele Wulf, ta daɗe tana nuna cewa mai koyo ya fi saurin kamawa idan hankalinsa yana kan abin da motsin zai haifar maimakon kan jikinsa. A aikace, maimakon "juya idon sawu", ka ce "ta tashi a miƙe". Maimakon "ɗaga cinya", ka kafa ido a kan bakin da ake hura wa ƙwallon iska, ka ce "haura shi". Jiki ya fi ka sanin jijiyar da zai ja.

Yawancin dabarun da suka lalace, tun a taɓawar da ta gabace su suka lalace. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Idan taɓawar shiri ta sa ƙwallo ta yi gaba da taki ɗaya, ko tana juyawa da ƙarfi zuwa ƙwaurinka, kada ka shiga dabarar. Ci gaba da raino, wato riƙe ta a sama da ƙananan taɓawa, har ta zo maka a miƙe, ƙasa da gwiwa, ba ta wulwulawa. Ƙin shiga a kan mummunar taɓawa shi kansa horo ne, kuma yana da wuya fiye da yadda ake zato, don zuciya tana son a gwada ko za a dace. Wanda bai iya raino 100 da ƙafafu biyu a jere ba tare da ya bar inda yake tsaye ba, a ganina bai kai ga zancen TATW ba tukuna, ko da ya taɓa dacewa da ita sau ɗaya.

Bayan ta faɗi, nan ne ainihin aikin. Kada ka bi ta da gudu. Tsaya sakan biyar ka amsa tambaya ɗaya: ina ta nufa? Inda ƙwallo ta faɗi yana gaya maka abin da ƙafarka ta yi.

Ɗauki zagayen duniya da ƙafar dama. Idan ƙwallon tana gudu gaba, ko dai ka taɓa ta da yatsu suna kallon ƙasa, ko jikinka ya jingina baya. Idan tana dawowa ta bugi ƙwauri, ka lanƙwasa yatsu sama da yawa har ka ja ta zuwa gare ka. Idan tana fita gefe, ƙafarka ta goge ta wajen hawa, kuma dalilin kusan kullum wurin taɓawa ne: in ƙafar za ta hau ta gefen dama na ƙwallon, dole ƙwallon ta tashi daga ɓangaren babban yatsa, in ta gefen hagu za ta hau, daga ɓangaren ƙaramin yatsa. Wanda ya taɓa da tsakiyar ƙafa, ƙwallon na tsaye a kan hanyar da ƙafarsa za ta bi. Idan ƙafa tana dukan ƙwallon daga sama ta danne ta ƙasa, zagayen ya yi ƙanƙanta ko gwiwa ba ta tashi ba. Idan kuma ka kammala zagaye lafiya amma ƙwallo ta riga ka isa ƙasa, to ka raba abin gida biyu ne, ka buga sannan ka fara zagaye. Taɓawar ita ce farkon zagayen, motsi ɗaya ne. Wannan na ƙarshe shi ya fi yawa, kuma maganin da mutane ke ba kansu, wato ƙara ɗaga ƙwallo sama, yana ƙara dagula shi, domin bugu mai ƙarfi yana jinkirta ƙafa fiye da ɗan lokacin da tsayin ya ƙara.

Waya tana taimakawa a nan. Jingina ta da bulo a daidai tsayin gwiwa, daga gefe, taki uku zuwa huɗu daga inda kake, ka ɗauka da saitin da ke rage gudun hoto in wayar tana da shi. Gwaji goma ya isa. Abin da mutum yake ji ƙafarsa ta yi da abin da ta yi a zahiri sukan sha bamban ƙwarai. Za ka rantse gwiwarka ta kai ƙugu, hoto ya nuna ko rabi ba ta yi ba.

Kafin ka zargi kanka, kawar da abubuwan da ke canzawa. Ƙwallo lamba 5 ta ƙa'ida nauyinta giram 410 zuwa 450 ne, kewayenta santimita 68 zuwa 70. Ta roba mara nauyi iska ke wasa da ita, kuma abin da ka koya a kanta ba zai zauna a ta gaske ba. Mai faci in ka ba shi zai cika ta tam kamar taya. Rage mata iska har babban yatsan hannu ya ɗan shiga in ka danna, sannan ka riƙe wannan ma'aunin kullum. Takalmi kambas mai shafaffen sama, ba but mai ƙusoshi ba. A yashi ƙafar tsayuwa tana nutsewa ta cinye maka tsalle, a siminti kuma ƙwauri da gwiwa ke biyan kuɗin. Ƙasa mai tauri da aka share tsakuwa da ƙaya ta fi, in an samu. Lokacin hunturu nemi bayan katanga ko zaure mai faɗi, don iskar Janairu tana iya ture ƙwallo daga layinta ka zauna kana neman laifin ƙafarka. Amfanin duk wannan ga kai shi ne, in ƙwallo ɗaya ce, takalmi ɗaya, wuri ɗaya, to ka san kuskuren daga gare ka yake, kuma ka san inda za ka neme shi.

Dabara mai wuya ba a haɗiye ta ɗungurungum. Saka ƙwallo a raga ko tsohon buhun albasa, ka rataye ta a reshen bedi daidai gwiwa, ka yi ta zagaya ta da ƙafa har hanyar ta zauna, sau 20 kowace ƙafa. Daga nan ka riƙa sako ta daga hannu, ko ka bari ta yi tsalle ɗaya a ƙasa kafin ka shiga, don ka cire wahalar raino daga lissafi. Sai ka shiga daga raino amma ka bar ta ta faɗi bayan zagayen, ba ruwanka da tarba. Tarba ita ce ta ƙarshe. Ga TATW, sai kurosoba ta zauna ita kaɗai, zagayen duniya ya zauna shi kaɗai, sannan ka yi motsin duka babu ƙwallo, kana lura da lokacin da ƙafar tsayuwa ke barin ƙasa. Mafi yawan masu makalewa a TATW tsallensu ne ke makara: suna jira ƙafar farko ta gama aikinta kafin ta biyu ta tashi, alhali dole ta biyun ta tashi tun ta farko tana kan hanyar saukowa.

Yanzu batun ƙirga, wanda na fi ba muhimmanci a kan komai. Zuciya maƙaryaciya ce wajen auna ci gaba. Ranar da ka ji daɗi za ta ce ka ƙware, ranar da ka gaji ta ce ba ka taɓa iya komai ba. Littafi ba ya haka. Yi gwaji goma-goma, ka huta minti ɗaya tsakani, sau shida zuwa takwas, ka rubuta nawa suka shiga a kowane goma. In babu wadda ta shiga tukuna, ƙirga abin da ke ƙasa da ita: sau nawa ƙafa ta kammala zagaye ba ta taɓa ƙwallo ba, sau nawa yatsa ya shafe ta kafin ta faɗi. Wanda ya tashi daga shafa 1 cikin 10 zuwa 4 cikin 10 a mako biyu ya yi tafiya mai nisa, ko da bai tarbe ta ko sau ɗaya ba. Ba tare da rubutu ba, wannan mutumin zai ce mako biyu ya yi a banza, ya ajiye ƙwallo.

Tsarin minti 45 ya wadatar: 10 na ɗumama jiki da raino, 20 na dabarar mai wuya tun ƙafa tana da ƙarfi, 10 na waɗanda ka riga ka iya, 5 na miƙe cinya da matsematsi da sharaɓa. Kada ka ajiye mai wuyar sai ƙarshe. Ƙafar da ta gaji tana gajarta zagaye, kuma abin da ka maimaita shi jiki ke haddacewa, ba ruwansa da daidai ne ko kuskure. Idan makin gwaji goma ya faɗi sau biyu a jere, ka tsaya, ranar ta ƙare. A zafin Afrilu, da rana ke haura digiri 40 a Katsina, bayan asuba ko dab da magariba ne lokacin. Da azumi kuwa a bari sai bayan asham, a rage yawan gwaji.

Ranar da dabara ta fara shiga tana da nata tarkon. Ta shiga sau ɗaya, ihu, an ɗauka a waya, an tura wa abokai. Washegari gwaji 60 babu ko ɗaya, sai mutum ya ce ta ɓace masa. Ba ta ɓace ba, dama bai mallake ta ba, dacewa ce. Masana halayyar ɗan'adam Paul Fitts da Michael Posner, a 1967, sun kasa koyon motsi mataki uku: lokacin da kake tunanin kowane ɓangare, lokacin da kake gyara kana rage kuskure, da lokacin da jiki ke yi da kansa. Shigar farko ƙofar mataki na biyu ce kawai, kuma na biyun shi ne mafi tsawo, mafi gundura. Ma'aunin da nake ba da shawara: 8 cikin 10, a ranaku uku daban-daban, kafin ka ce ka iya ko ka ɗora wata a kanta.

Fushi yana da alamomi a jiki kafin ya kai baki. Numfashi ya tsaya, kafaɗu su tashi, muƙamuƙi ya ɗaure, tazarar da ke tsakanin gwaji da gwaji ta ragu. Tsokar da ta ɗaure ba ta sauri, shi ya sa mai fushi yake jin yana ƙara ƙoƙari amma ƙafarsa tana ƙara nauyi. Da ka lura kana ɗaukar ƙwallo ka sake bugawa ba tare da ka tambayi inda ta faɗi ba, ka riga ka fita daga koyo. Taka ƙwallon, ja numfashi uku kana tsawaita fitarwa, yi wata dabara da ka tabbatar za ta shiga sau biyar, sannan ka dawo. Wanda ya yi wa ƙwallo bugun haushi ta haura katangar maƙwabta, ya ƙara wa kansa aikin sallama da ba da haƙuri.

Akwai kuma lokacin da maki zai tsaya cak, mako uku yana kai-komo tsakanin 3 da 4. Abu biyu ke aiki. Na farko, bar dabarar kwana biyu ko uku ka yi na kai ko na zaune. Ƙwaƙwalwa tana ci gaba da daidaita motsin da aka koya a lokacin barci, shi ya sa mutum kan dawo ya tarar abin ya yi sauƙi ba tare da ya taɓa shi ba, kuma shi ya sa mai kwana a gidan kallo har ƙarfe ɗaya yake cutar horonsa. Na biyu, canza abu ɗaya da gangan: yi ta da ƙafar da ba ka saba ba, ko ta ɗaya gefen, ko ka rage tsayin ƙwallo fiye da yadda kake so. Ƙafar hagu, da yake ba ta da tsohuwar al'ada, takan tona asirin abin da dama take yi ba daidai ba. Ciwo daban ne. Zafi mai tsini a gaban ƙwauri ko a matsematsi da ba ya tafiya bayan ɗumama jiki, ba abin jurewa ba ne, hutu yake so, in ya ƙi a ga likita.

Bidiyon sakan 15 da kake gani a Instagram da TikTok, wanda ya shiga aka saka maka. Ba a nuna maka tarin da aka goge. Kalle su don satar fasaha: rage gudunsu, duba tsayin ƙwallo, duba lokacin da ƙafar tsayuwa ta tashi. Kafin gwaji, rufe ido ka ga motsin a gudunsa na gaskiya, daga idonka kana kallon ƙwallo a ƙasa, ba kamar mai kallon wani ba. Sau biyu ko uku ya isa, kuma yana aiki ne kawai in ka riga ka san yadda motsin yake a jiki.

Sai idon mutane. A garinmu ba a yin abu a fili a rasa 'yan majalisa. Wani zai ce "Malam, wannan ai wasan yara ne, ka shiga fili mu gani", wani ƙaramin yaro ya tsaya yana ƙirga maka faɗuwa da ƙarfi. Dabarar da ke shiga 8 cikin 10 a tsakar gida tana iya komawa 3 a gaban mutum biyar, domin kallo yana mayar da hankalinka kan gaɓoɓinka, wato ya mayar da kai matakin farko. Sabuwar dabara a koye ta a ɓoye. Wadda ta zauna kuwa a fito da ita da gangan, mataki-mataki: waya tana ɗauka, sannan aboki ɗaya, sannan sharaɗin gwaji ɗaya tak babu maimaici, sannan bakin titi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Lissafi ɗaya ya rage, na jera dabaru. In kowace dabara tana shigar maka 8 cikin 10, jerin uku zai kammala kusan rabin lokaci ne kawai, jerin biyar kuwa sau ɗaya cikin uku. Ka ɗaga kowace zuwa 9 cikin 10, jerin biyar ya koma kusan 6 cikin 10. A karawar gasa, inda mutum biyu ke karɓa-karɓa na minti uku, kowa sakan 30 sau uku, alƙalai suna duba wahala da salo, amma suna ganin kowace faɗuwa. Don haka ka shirya abin da za ka yi in ta faɗi kamar yadda kake shirya dabarar kanta. Zaɓi hanyar ɗago ƙwallo daga ƙasa guda biyu, ɗaya da tafin ƙafa ka jawo ta ka ɗaga da yatsu, ɗaya ka matse ta tsakanin idon sawu biyu ka yi tsalle da ita, ka maimaita su har su zama ba sai ka duba ba. A minti goman dabarun da ka riga ka iya, saita agogon waya a sakan 30, duk lokacin da ƙwallo ta faɗi kada hannu ya taɓa ta, ɗago ta da ƙafa ka ci gaba daga dabara ta gaba a jerin har agogon ya buga.